Rigar Siril

Dang, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Ashta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da su Zenaba. Yaya ƙafar Baba? Ki faɗa masa na iso Kamaru lafiya, ban yi faɗa da kowa a hanya ba sai direba, shi ma shi ya fara.

Na samu ɗaki kusa da makaranta. Mu uku ne: ni, da Ngarlem ɗan Mundu ta ƙasarmu, da Fokam ɗan ƙasar nan, wanda ya ɗauka duk mutumin garinmu Abeshe a kan raƙumi yake zuwa. Ranar farko ya ce, "Balarabe, ina ka ɗaure shi?" Na ce, "Yana ajinku yana ɗaukar maka darasi, ya fi ka ganewa." Tukunyarmu ɗaya. Ranar girkin Fokam rogo ne a nannaɗe cikin ganye, mai tsami kamar an manta da shi. Ina ci, ina tuna miyar kuɓewarki.

Sanyi ne ya kusa kashe ni. Ruwa kullum, ni kuma da 'yan jallabiyoyina. Shekaranjiya da safe na ga wata rigar sanyi shuɗiya rataye a bayan ƙofa, na ce ta waye, ba wanda ya amsa, sai na saka. Cokali ya faɗi daga hannun Fokam. Ngarlem ya tashi ya bar shayinsa. Matar da ke soya fanke a bakin hanya ta gan ni tafe, ta dafe ƙirji, mai ya fallatsar mata a hannu. Idan rowa ce su fito su faɗa. Ban cire ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Bishara

Dang, 2 ga Nuwamba

Yaya Ashta,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin Zenaba ya sauka. Ni lafiya lau, wai.

Rigar ta mamaci ce. Sunansa Siril, ɗan Bafang, babur ya kashe shi a kan hanyar gari kafin hutu. Gadon da nake kwana nasa ne. Mahaifiyarsa ta tafi da gawa, ta ce kada a taɓa kayansa sai ta dawo, domin a gidansu uwa ce ke raba tufafin ɗanta da hannunta, kuma wanda ta ba shi ya saka ya zama madadinsa. Ni ba a ba ni ba. Ɗauka na yi.

Na ce wa Fokam, "Sati uku kuna kallona kamar fatalwa, bakinku ciwo yake?" Ya ce, "Kai ana gaya maka magana ne? Kafin mutum ya buɗe baki ka cinye shi." Na so in rama, ban samu abin faɗa ba. Ki rubuta ranar a bango.

Na mayar da rigar. Amma abin bai tsaya ba. Mai gidan ya kira ni Siril sau biyu. A aji wata ta dafa ni ta baya, da na juyo ta fashe da kuka. Wai tafiyarmu ɗaya. Ni da na koyi karatun nasara a tsofaffin jaridun da Baba ke naɗe nama, na ci jarrabawa ba malami ba aji, na ratso ƙasa guda don in zama mutum da sunana, yau ga ni inuwar wani.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Littattafansa na ƙarƙashin gado, kuma kin san ni da takarda. Yana rubutu a gefen shafi da fensir. A wani wuri ya rubuta, "Ƙarya ne," daidai layin da ni ma na ce ƙarya ne. A wani wurin na saɓa masa, sai na tsinci kaina ina ba shi amsa a ƙarƙashin rubutunsa. Washegari na buɗe shafin in ga ko ya mayar. Na yi ta a'uziyya. Kada ki gaya wa Baba.

Naki,
Bishara

Dang, 24 ga Nuwamba

Yayata,

Sallama da fatan alheri gare ki da mutanen gida duka.

Mahaifiyar Siril ta zo ranar Larabar makon jiya da hantsi. Mama Odil, 'yar ƙaramar mata da baƙin zane, ta kwana a jirgin ƙasa. Na yi niyyar ficewa, Ngarlem ya tare ƙofa ya ce, "Jarumin baki, yau dai ka tsaya."

Ta zauna a gadona tana ninke kaya ɗaya bayan ɗaya. Ta ba Fokam takalmi, ta ba Ngarlem agogo. Da ta zo kan rigar ta kai ta hanci, ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ba warinsa ba ne." Na ce ni ne, sanyi ne, ban sani ba, ta yi mini duk abin da ta ga dama. Jira nake ta zage ni, don zagi na san yadda ake karɓarsa.

Sai ta ce in tashi tsaye. Ta saka mini da hannunta, ta ja zip ɗin har wuya, ta gyara kafaɗa. Ta ce, "Uwarka fa?" Na ce ta rasu ina ɗan shekara shida. Ta ce, "To." Ta rubuta lambarta a tafin hannuna. Wai kowace Lahadi bayan coci Siril yake kiranta.

Na faɗa wa su Fokam ba zan kira ba. Ni Musulmi ne, ɗan Abeshe, ina da suna, ba zan yi wa tsohuwa wasan gawa ba. Fokam ya ce, "Ba wanda ya ce dole." Ranar Lahadi tun safe suka bar mini ɗakin.

Na kira, Yaya. Na shirya maganata tsaf: Mama, Bishara ne, na kira in ji yadda kika isa. Ƙara ɗaya ta ɗauka, kamar wayar na hannunta tun asuba. Ta ce, "Siril?"

Na ce, "Na'am, Mama."

Ta tambaya ko na ci abinci, ko ina rufe ƙirjina. Mun yi kusan rabin awa. Gobe ma Lahadi ce.

Ki sa a yi mini addu'a, kuma in za ki ba ni amsa ki rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Ƙaninki,
Bishara