Gashin Juniper

Litinin, 2 ga Maris

Yau shekara goma sha ɗaya cif da Rosalind ta sa wa Tolly injin aski. Ban manta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in manta ba. Ina kwance a asibiti an yi mini aiki, na bar mata kare na sati uku kacal, na dawo na tarar da bayansa kamar na tunkiyar da aka aske. Wai gashin ya cukurkuɗe, yana jin zafi. 'Yata, da na koya wa tsigar gashi tun tana shekara tara, da babban yatsa da manuniya, sili-sili. Ta san gashin kare irin sifaniyel ba a yanka shi. Cire matacce ake yi daga tushe don sabo ya fito a kwance, da santsi. In ƙarfe ya ratsa shi, sai na ƙasa mai kama da auduga ya taso ya cinye na sama. Tolly bai ƙara shiga gasar kyan karnuka ba har ya mutu.

Na ce mata hannunta na mahauci ne, ba na gidana ba. Ta kwashe kayanta a ranar. Yanzu tana da shago a garin Skipton, tana aske karnukan mutane. Kati take aiko mini duk Kirsimeti, layi biyu.

Karyata Juniper ce ta rage mini. Za ta cika shekara bakwai a kaka, wannan ce shekararta ta ƙarshe a filin gasa. Tana da katin nasara biyu, daga alƙalai biyu. Sai na uku za a kira ta zakara. Shekara arba'in ina wannan harka ban taɓa fitar da zakara ba. Babbar gasar bazara 9 ga Mayu ce, kuma Misis Ormerod ce alƙaliya, wadda ke son jan kare mai gajeren baya. Sati goma saura kwana biyu.

Alhamis, 5 ga Maris

Na ɗora Juniper a tebur da hantsi. Na shafa alli a yatsu, na fara daga bayan kai. Minti goma babban yatsan dama ya ƙage. Na tsoma shi a ruwan ɗumi, na dawo, minti biyar. Abin da na cire bai cika tafin hannu ba.

Ita kuwa tana tsaye kamar yadda na koya mata, tana jira.

Lahadi, 15 ga Maris

Wilf Metcalfe ya leƙo daga gonarsa ya kawo mini ƙwai. Karnukansa biyu na farauta suka biyo shi, taɓo har kunne, ƙaya a wutsiya. Su ma wai sifaniyel ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakin gyara yana kallona ina fama.

"Malam, wannan karya taka ta fi matata zuwa gyaran kai."

Na ce ta kuma fi ta haƙuri.

Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "Hannun nan ya ƙi, Aubrey. Ka kira 'yarka mana."

"Ba ni da 'yar da ta iya."

"Ashe. To ai kai ka koyar da ita. Ko dai malamin ne bai iya ba?"

Shekara talatin ina koyar da harshen Latin a makarantar da yanzu aka mayar wurin sayar da kujeru, ga shi mai kiwon tumaki ne zai ƙure ni a gidana. Na karɓi ƙwan, ban ba shi shayi ba.

Talata, 24 ga Maris

Likita. Amosanin gaɓɓai, kamar ban sani ba. Ta ce in hutar da hannun. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin gashi ya huta da tsirowa. Ta rubuta mini ƙwayoyi.

Asabar, 28 ga Maris

Ruwa tun safe. Ban taɓa Juniper ba.

Laraba, 1 ga Afrilu

Kai da wuya kaɗai na gama cikin wata guda. Baya da kafaɗu da cinyoyi suna nan, mataccen gashi ya yi tsaye, ya koɗe. Kunnuwan dai lafiya, mataji kawai suke so, shi kuwa ina iya riƙe shi da hannu biyu. Da matata Winifred na raye da ta riƙe mini fatar, ta ja ta, aikin ya ragu. Ba ta taɓa son gasar ba, Allah ya jiƙanta, amma ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Na shiga Skipton. Na ce wa kaina cuku zan saya.

Na tsaya a tsallaken titi, daura da shagon. Ana ganin ciki ta gilashi. Na zaci zan tarar da ita da inji a hannu. Wani ɗan kare mai kaushin gashi ne a teburinta, kuma da yatsu take yi. Hagu ta ja fata, dama tana tsiga, wuyan hannu bai motsi, bin kwanciyar gashi. Sauri kamar mai tsince shinkafa. Har yadda take karkatar da kai gefe, ni ne.

Ta yi furfura a gaba. Ba wanda ya gaya mini.

Ta ɗago kai, na juya na shige layin masu jiran mota. Ban san ko ta gan ni ba.

A hanyar dawowa na shiga kantin kayan dabbobi na sayi wuƙar tsiga, abin da na yi shekara arba'in ina yi wa masu amfani da shi dariya. Mai kantin ya ce, "Baba, ka dushe bakinta a kan dutse kafin ka fara, in ba haka ba yanka za ta yi." Na ce masa tun ba a haife shi ba na san wannan.

Ban sayi cukun ba.

Asabar, 11 ga Afrilu

Na dushe ta a dutsen bakin ƙofa. Banza. Dusasshiyar wuƙa ba ta aiki sai babban yatsa ya danne gashin a jikinta ka ja. Yatsan da ba ni da shi ke nan.

Da la'asar na wasa ta.

Litinin, 13 ga Afrilu

Kwana biyu, na gama baya da kafaɗu da cinyoyi. Ba zafi ko kaɗan. Wuƙar tana bi kamar a man shanu. Ban danna ba sosai, sama-sama na bi, na tabbata yawancinsa cirowa ya yi. Juniper ta yi kyau. Layin bayanta ya fito tun daga wuya har gindin wutsiya, kamar tana shekara uku.

Gashin da aka ciro yana da ɗan farin tushe a ƙarshensa. Na juye kwandon a murhu ban duba ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Na fitar da ita hasken rana. Akwai wani abu a kafaɗa. Watakila haske ne.

Asabar, 2 ga Mayu

Ba haske ba ne. Jan ya tafi daga bayanta, saura launin busasshiyar ciyawa. Yana tasowa, ba ya kwanciya. Na wanke ta, na naɗe ta da tawul na ɗaure da fil yadda ake yi don gashi ya kwanta. Na kwance, ya kwanta na awa ɗaya, ya sake tashi.

Wilf ya gan ta ta saman shinge. Bai zolaye ni ba. Wannan ya fi ɓata mini rai.

Zan je duk da haka. Misis Ormerod ƙira take dubawa, ba gashi kaɗai ba.

Lahadi, 10 ga Mayu

Jiya. Zan rubuta shi yadda ya faru.

Wilf ya kai mu a motarsa. Muka isa da wuri, na samu bencinmu, na ɗora ta a tebur ina taje kunnuwa. Sai na ji an ce, "Sannu, Baba." Rosalind, da rigar ruwa shuɗiya da jakar kayan aiki a kafaɗa. Na dubi Wilf, ya ce zai je neman shayi.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ba Juniper bayan hannu ta shinshina, sannan ta shafa bayan karyar, ta tayar da gashin, ta dubi bakinsa. Ta daɗe tana dubawa.

"Yaushe?"

"Sati huɗu."

"Da ka kira ni."

Na ce ban ga alamar shagon aski yana da lokacin irin wannan ba. Ta ce, "Na gan ka ai, ranar Juma'ar nan. Na fito har bakin titi." Ta buɗe jakarta, ta gyara ƙafafu da almakashi, ta zagaye su tsaf, ta rage ƙarƙashin kunne. Abin da zai gyaru ta gyara.

A fili mu bakwai ne. Juniper ta yi tafiya kamar ba ta taɓa yin irinta ba, kai sama, wutsiya na kaɗawa. Na ga idon alƙaliyar yana binta. Da aka ɗora ta a tebur, Misis Ormerod ta duba haƙora, ta auna kunne, ta shafa wuya, hannunta ya sauka kan baya ya tsaya. Ta mayar da shi baya ta sake bi. Ta dube ni ta saman tabarau. A hankali ta ce, "Ayya, Mista Thwaite." Shi ke nan.

Juniper ta zo ta huɗu.

Da muka fito sai ga Misis Fawcett, wadda karyarta ta ɗauki katin, macen da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ta sa hannu a bayan Juniper ba izini, ta dubi jakar Rosalind da almakashin a hannunta.

"Haba, yarinya, kin sake? Kai ma Aubrey, ba ka daddara ba? Bayan abin da ta yi wa Tolly?"

Daga bakina ta san labarin Tolly. Duk wanda ke tsaye a wurin daga bakina ya san shi. Ba gasar da na je cikin shekara goma sha ɗaya ban ba da shi ba.

Mutum biyar ko shida suna kallo. Kalma biyu ce kawai ake bukata daga gare ni: ni ne. Na tsaya ina naɗe igiyar kare a hannu.

Rosalind ta ce, "Eh, ni ce. Hannu ya zame." Ta rufe jakarta.

A hanyar gida Wilf ya tuƙa mu har garin Ilkley. Can ya ce, "Duk karatun nan naka, Malam." Bai ƙarasa ba.

Laraba, 13 ga Mayu

Juniper tana cin abincinta. Ba ta san komai ba.

Juma'a, 15 ga Mayu

Na rubuta wa Misis Fawcett. Sau uku na yaga. Na huɗun layi huɗu ne: ni na yi, da wuƙar da na wasa da hannuna, 'yata ba ta yanki gashin bayan ba, kuma ta gaya wa duk wanda ta gaya wa na farko. Ba don komai ba, ba na son a rubuta kuskure a tarihin karena. Matar kuwa za ta yaɗa shi kafin Lahadi, wannan ba sai an roƙe ta ba.

Alƙalami ma yanzu da yatsu uku nake riƙe shi.

Lahadi, 7 ga Yuni

'Yata Ros ta zo da rana. Karo na uku ke nan. Ba ta ambaci wasiƙar ba, amma ta ce wasu masu karnukan gasa biyu sun buga mata waya a satin nan suna neman ta yi musu tsiga. Na ce ta duba su da kyau kafin ta karɓa, rabin karnukan yankin nan ba su cancanci yatsunta ba. Ta dube ni, ta ci gaba da aiki.

Awa biyu ta yi a kan bayan, da alli, ni ina riƙe mata fatar da tafin hannu. Na dafa shayi. Har yanzu ba ta sa sukari, na tuna ba sai na tambaya ba.

Da za ta tafi ta tayar da gashin kafaɗa ta nuna mini. Audugar ce ke fitowa, har a wuraren da ta tsige sati biyu da suka wuce.

"Da ƙarama ce, da na ce mu ba shi shekara biyu, Baba."

Na ce na sani.

Ta ce za ta dawo Lahadi. Na ce in tana da lokaci.

Takardar shiga gasar kaka ta zo ranar Alhamis, ban cike ta ba. Jan gashin bayan Juniper ba zai dawo ba. A kati biyu ta tsaya.