Yatsu Biyu da Tukunyar Gas

Mamana,

Ina gaishe ki, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiyata lau.

Kin rubuto cewa darasin entirofi ya gagare ki, har kina tunanin barin kimiyya. Ni ban yi boko ba, amma shekarata shida ina cika tukwanen gas a masana'antar nan. Na tambayi injiniyanmu, ya ce abin da nake gani kullum ne: gas in ya sami ƙofa sai ya bazu ya cika ɗaki, ba ya komawa tukunya da kansa, sai inji ya matsa shi.

Makon jiya bakin wata tukunya ya kwance a hannuna. Ashe gas mai fita da ƙarfi sanyi yake yi, har ya ƙone fata. Yatsuna biyu ne kawai ya ƙone, kuma likita ya ce ɗayan zai warke. Ki bari in faɗa wa mahaifiyarki da bakina.

Kada ki bar karatun nan. Lokacin da abin ya faru, injiniyan yana zaune a ofishinsa, a bayan gilashi. Can nake so in gan ki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki