Kurciyar Baba Ta Sha Lulluɓi

Yaya Darto,

Gaisuwa daga Taiwan. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, bayana ne kawai, shi ma na saba.

Yaya, raina a ɓace yake! Na ga bidiyon da maƙwabta suka saka: dutsen Semeru na aman toka, gari ya yi duhu, ga Baba a bayan babur ɗinka. Ya jiƙa zanensa ya lulluɓe kejin kurciyarsa, shi kuwa hanci da baki a buɗe. Mutumin da asma ke kayarwa! Ina takunkuman da na aiko? Na kira shi, wai, "Haba Lastri, huhunta ƙarami ne fa."

Tokar nan garin dutse ce, yanka ƙirji take. Ka ɗaura masa takunkumi ko da faɗa, kuma kar ya hau sharar rufi.

Tsohon da nake jinya a nan da inji yake numfashi, kullum ƙarar tana kunnena. Wallahi ba zan dawo in tarar da ita a ɗakin Baba ba.

Turo min hotonsa da takunkumi yau. Allah ya tsare ku, har kurciyar.

Ƙanwarka,
Lastri