Ni Da Ke Ƙirga Ƴaƴan Kaza Bakwai

Tanti Salma, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Kwana da kwanaki ke nan zuciyata na tafasa, ko ruwan randa na sha sai in ji shi da ɗumi.

Ni ɗan makiyaya ne, rugarmu na kusa da Kore Mairuwa. Bana na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise, wato makarantarmu ta Dogon Dutsi, kuma ba da ƙyar na ci ba. Wata jami'a ta ƙasar waje ta ba ni burs, wato tallafin karatu, ta ce kafin ƙarshen watan nan in zaɓi ɗaya cikin fanni biyu, astronomi ko astrofizik. Yadda na fahimta, na farko shi ne kallon taurari da auna su, na biyun kuwa zaman lissafin abin da ke cikinsu da abin da ke sa su haske. Babana da na yi masa bayani cewa ya yi in ɗauki duk wanda zai maido ni gida kafin shanu su manta muryata. Shi dai ya huta.

Ni ban taɓa shakkar abin da nake so ba. Tun ina bin maruƙa an san ni da ido. Kowa in ya ɗaga kai ya dubi taurarin nan da ake kira Kaza, ƴaƴa shida yake ƙirgawa, ni bakwai nake gani, ranar da sama ta wanku har fiye. In za a duba watan azumi, kabu-kabu maigari ke aikowa a ɗauko ni. Ba ni da ƙarfin kokowa, ba ni da kyan da za a waiwaya a sake kallona, tufafina a lise sai dai a yi shiru. Idon nan shi ne abin da nake da shi. Shi ya sa na so taurari, har na ishi malaminmu na fizik, Mushe Abdulmajid kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci, da tambaya. Na yi wata guda ina binsa har bakin babur ɗinsa a kan me ya sa Zara ba ta ƙyafta ido kamar sauran, me ya sa wani tauraro ja wani fari, sai da ya ba ni littafinsa ya ce in je in bar shi ya sha iska.

To da sanyin bara na duba Kaza na ga biyar. Na ce hazo ne. Da aka jima sai ta koma mini kamar an shafa toka da yatsa a jikin baƙin zane. Zara da manyan taurari ina ganinsu har yanzu, ƙananan ne suka gudu. Kuma ba sama kaɗai ba, da an sallame magariba ƙasa ma sai ta ɓace mini. Dundumi ke nan, ba sai an faɗa mini ba. Abin da ke hana ni barci shi ne Kawu Inusa, ƙanen innata, shi ma haka ya fara yana saurayi, yau da sanda ake jan shi. Ban gaya wa kowa ba. Na ci hanta gasassa a tasha har ta gundure ni, don an ce ita ce magani, ban ga canji ba.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro. Yayata ce, Adda Rahina, uwa ɗaya uba ɗaya. Da na dawo ruga bayan jarrabawa na yi tuntuɓe da turke sau biyu, sau ɗaya har da fasa gwiwa. Duk a kan idonta. Wayewar gari sai na tarar ta bi turakun garke kaf ta shafe su da farar ƙasa, har da dutsen da ke bakin bukkata da gindin itacen da muke rataye ƙorai. A wace ruga aka taɓa yi wa turke kwalliya? Duk wanda ya zo sai ya tsaya ya tambaya ko biki za a yi wa shanu. Da na yi mata magana sai cewa ta yi, “Mi yad dame ka da turakuna? Tsabta nika yi.” Tsabta! Matar da ko ƙwaryarta sai inna ta yi faɗa take sake wankewa.

Ba ta tsaya nan ba. Ita da ba ta son farin mayafi, wai yana saurin dauɗa, sai ga ta kullum da yamma da shi. In za ni masallacin ƙauye sallar isha'i, nan take za ta tuno tana da saƙo a ƙauyen, ta shige gabana tana zuba kamar rediyo, labarin farashin dusa, labarin akuyar wance, abin da ko a jikina. Ni da na saba tafiya ni kaɗai cikin duhu in bar masu tocila a baya, yau mace ce ke gabana kamar jagorar makaho. Na haɗiye duk wannan.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne wannan. Adda tana kai wa matar Mushe Abdulmajid nono a Dogon Dutsi. Ashe can ta je ta kwance masa komai, tuntuɓena da gwiwata da Kawu Inusa. Ranar da na je wurinsa a kan maganar dosiye, takardun da zan aika jami'a, ga abokan ajina biyu zaune, ya dafa kafaɗata ya ce, “Yarona, ɗauki astrofizik. Can ba ido aka biɗa ba, kai aka biɗa.” Ya ƙara da cewa wuraren kallon taurari a kan duwatsu suke, cikin duhu, ba a kunna fitila. Tanti, da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutumin da ya sha gaya wa aji cewa ni ne idon lise, yau shi ke nemo mini kusurwar da za a ajiye ni in yi ta lissafi, inda rashin idona ba zai dami kowa ba. Kuma ya yi shi da muryar tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

Na koma gida na ɗauki wuƙa na kankare farar ƙasar nan daga turakun ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye tana kallo. Tun ranar ban sake yi mata magana ba, furar da ta dama ma ba na sha. Wa ya aike ta? Ciwon a idona yake ko a nata? In da tana ƙaunata ai ni za ta fara tambaya, ba ta ɗauki sirrina ta haɗa da nono ta kai gidan mutane ba.

Na yi niyyar rubuta astronomi ko don su gani. Asibiti kuma ba za ni ba, don in likita ya rubuta wani abu, ina tsoron ranar binciken lafiya na burs a ce an fasa da ni. Amma in na kwanta sai in tuna Kawu Inusa. Ki gaya mini gaskiya, wanne zan ɗauka? Kuma ba ni da gaskiya in na fita harkar Adda?

Ɗan ruga mai ɓacin rai, Kore Mairuwa

*

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko da tausayi, na biyu ina jin kamar in ja maka kunne. Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ciwon mutum nasa ne, kuma yayarka ta yi kuskure da ta kai maganar waje ba ta fara zama da kai ba. Malaminka ya fi ta kuskure, don shi ya san nauyin magana, bai kamata ya taɓo lafiyarka a gaban abokanka ba. Fushinka a kan wannan yana kan hanya, kuma kana iya gaya musu haka cikin ladabi.

Sai dai kai da malamin naka kuna jayayya a kan abin da ba haka yake ba. Ni ba masaniyar taurari ba ce, don haka na tambayi wata ƙawata da ke koyar da fizik a jami'a. Ta yi dariya ta ce masu astronomi na yau ba sa kwana da ido a bakin madubin hangen nesa. Na'ura ce ke ɗaukar hasken, su kuma suna zaune a ɗaki mai fitila suna dubawa a kwamfuta, wani lokaci ma suna wata ƙasa madubin na wata. Yawancin abin da suke bincike ko mai ƙirga ƴaƴan Kaza goma ba zai gan shi da idonsa ba. Maganar duhun kan duwatsu akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ɗan yanki ne na aikin, kuma ana yi wa mutum tanadi in ya faɗi halinsa. Ta ce fannonin biyu a shekarun farko kusan darasi ɗaya ne, lissafi da fizik, kuma mutane na tsallakawa daga wannan zuwa wancan in sun je masta. Bambancin shi ne astronomi ya fi karkata ga aunawa da sarrafa na'urori, astrofizik ya fi zurfafa cikin dalili. Ke nan astronomi bai rufe maka ƙofa saboda dundumi ba, astrofizik kuma ba ɗakin ajiyar marasa ido ba ne. Sau da yawa ma shi ya fi wuya.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. Yaron da ya yi wata guda yana bin malami har bakin babur don ya san me ya sa wani tauraro ja wani fari, tambayar astrofizik yake yi tun bai san sunanta ba. Ina zaton da malaminka ya ce ka ɗauke shi saboda kanka kawai, bai ambaci ido ba, da ka dawo gida kana murna. Ga kuma wani abin dubawa, fizik mai yawa ya fi buɗe maka hanyar koyarwa da bincike in ka dawo gida, inda manyan madubai ba su wadata ba. Can na karkata. Amma ka nemi jerin darussan fannonin biyu daga jami'ar, ka karanta da sanyin rai. In ka ga zuciyarka na wajen na'urori da aunawa, ɗauki astronomi ba tare da fargaba ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka zaɓi karatun rayuwarka don ka ba mutum biyu haushi. Su za su manta kafin kaka, kai za ka zauna da shi shekaru.

Maganar asibiti kuwa ba shawara nake ba ka ba, umarni ne na uwa. Ka je wurin likitan ido a makon nan, kafin ka cika komai, ka gaya masa labarin kawunka. Dundumi iri-iri ne. Wani na rashin sinadarin abinci ne, wani tabarau ko aiki ke gyara shi, wani kuma na gado ne, wanda ba lallai a warkar ba amma sanin sa da wuri yana taimaka wa mutum ya tsara rayuwarsa. Ban san wanne ne naka ba, kai ma ba ka sani ba, mai gasa hanta a tasha ma bai sani ba. Ban kuma san ƙa'idar burs ɗinka ba, sai ka tambaya. Amma ɓoyewa ba za ta hana likitansu gani ba, za ta dai hana ka samun taimako.

Saura Adda Rahina. Ka koma ka karanta abin da ka rubuto mini da hannunka. Ta ga ka fasa gwiwa, ta san halinka, ta san in ta ce maka dundumi za ka yi abin da kake yi yanzu. Sai ta shafa wa turaku fari don ka gan su, ta ce tsabta ce, ta bari ana yi mata dariya a ruga. Ta yafa mayafin da ba ta so don ka sami abin bi a duhu. Ta yi ta surutun dusa da akuya don in mayafin ya ɓace maka ka bi muryarta. Duk tsawon wannan lokaci sirrinka take riƙewa, har daga gare ka. Da ta ga za ka tafi ƙasar da ba ta iya shiga gabanka, sai ta tsorata ta nufi mutumin da ta san kana jin maganarsa. Ta yi kuskuren hanya, amma kawun da kake tunawa in ka kwanta, ita ma kawunta ne.

Ka je ka sha furarta. Ka gaya mata abin da ya ɓata maka rai, ka saurari nata, sannan ka roƙe ta ta raka ka wurin likita. Farar ƙasar da ka kankare kuwa, wannan karon kai za ka kwaɓa ta, ka riƙe mata ƙwaryar ta sake shafawa, don har ka tafi kana bukatar ganin turakun nan.

Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa albarka a karatun da ka zaɓa, Ya bar ka da yayarka.

Tanti Salma