Idan Hadari Ya Haɗo

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Gaisuwa mai sanyi irin ta ƙasar da ta sha ruwan fari, da fatan karatu yana miƙa wuya.

Bayan haka, Uwata, labarinki ya iske ni a masana'anta, kuma ba ta bakin masoyi ba. Manaja ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba. Ya tambaye ni ko jinina ce shugabar ƙungiyar ɗaliban da ta hana kantin jami'a sayar da sabulunmu. Na ce a hannuna ta tashi. Ya ce kin tsaya gaban taro kin ce muna zuba dagwalo a rafi, wai a koma sayen sabulun matan ƙauye don su ci guminsu. Ban ƙi matan nan da alheri ba. Amma saurari baffanki:

Itacen da na dasa a ƙofar gidana,
Na shayar da shi da ruwan idona,
Ya girma ya kere tsawon ɗakina,
Kada reshensa ya karye a kaina.

Ki sassauta. Allah ya yi miki albarka.
Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Baitin ya iso, na kuma gane reshen.

Ga halin da nake ciki. Duk ruwan da muka ɗebo daga rafin an auna, an ce lafiyarsa ƙalau. Kamfani ya kai ƙarata gaban hukumar jami'a. Kwamitin ladabtarwa ya ce ko in ba da haƙuri gaban ɗalibai ranar Litinin, ko in tattara littattafaina. Amma ni da idona na ga kifi ya taso ciki sama, na ga ƙafafun masu wanki sun saɓule.

Jiya Inna, matarka, ta kawo mini ziyara. Tana ta yi maka tsiya, wai tsohon nan da ya saba zama a baranda yana rera wa ruwan sama baiti, yanzu da hadari ya haɗo sai ya zari rigar ruwa da takalmin roba ya nufi aiki, ko ranar hutu ce. Ta ce ko wata mace ya samu a can. Na yi dariya, sai na tuna wani abu. Baffa, mu kullum sai an yi rana, babu hadari, muke zuwa ɗibar ruwan, don kada takardunmu su jiƙe.

Me ake buɗewa idan ana ruwa?

Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, ba sai an yi bincike ba za a san gidan da na jiyo.

Ɗiyarka.

*

Uwata,

Aminci ya lulluɓe ki. Na ɗauki alƙalami na ajiye har shayina ya huce, ni da kalmomi ke bi kamar tumaki.

Akwai tankin dagwalo a bayan ɗakin injin, akwai bututu, akwai makulli guda, kuma a aljihuna yake kwana. Ambaliya takan tafi da abin kafin gari ya washe. Ba ni na shimfiɗa bututun ba, amma hannuna ke murɗawa, kuma da wannan hannun ƙannenki ke ci. Mai furfura irin tawa in ya fita ƙofar nan, babu wata da za ta buɗe masa. Mahaifinki da zai cika ya damƙa mini ke, bai gaya mini yadda zan yi ba ranar da ke da tukunyar gidana za ku hau sikeli ɗaya.

Ban ce ki yi ƙarya ba. Ban ce komai ba.

Baffanki, mai neman afuwa.

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Na rubuta takardar ban haƙurin, zan karanta ranar Litinin. Zan ce ban ga abin da na gani ba. Shugabar matan sabulu ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ce sun riga sun ƙaro tukwane saboda kantinmu. Na tura takardar ƙarƙashin matashi.

Roƙona ɗaya: kada ka zo zauren. Ba na so ka ji muryar da ka koya wa karatu tana wannan.

A gaida Inna da yara.
Ɗiyarka.

*

Uwata,

Gaisuwa a tsaitsaye. Yau babu baiti.

Gabas ta yi baƙi, manaja ya aiko in shirya. Zan murɗa kamar yadda aka umarce ni. Bakin bututun yana ƙarƙashin ƙaramar gada, cikin ciyawa, ta hannun hagu. Ki taho da kwalabenki da malamin da ke aunawa. Ku bar takardu su jiƙe.

In kin hango mai rigar ruwa a saman katanga, kada ki ɗauke kai. Ki gaishe ni da ƙarfi, yadda na koya miki.

Baffanki.