Inna Ta Kira Sunanka a Legas

Zuwa ga Yayana Janar, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kamar yadda muke nan Haɗeja lafiya, sai dai kewarka. Zulai ce, wadda ka laƙaba wa Rediyo Mai Jini. Ban san unguwarku ba, lambar wayarka kuma ta daɗe da mutuwa, shi ya sa na shanya maganar gidanmu a nan inda kowa zai gani. Masu leƙowa ku yi haƙuri, ba da ku nake ba. Amma wanda ya san wani dogon mutum baƙi, mai tabon ƙugiya a haɓa, da ya bi motar tattasai zuwa Legas shekara ashirin ta kusa, don Allah ya miƙa masa.

Yaya, mun je Legas, ni da Inna. Na san za ka ce na fara, to wallahi ba ƙari. Innar da ko bikin Auyo sai an yi ta lallashinta kafin ta hau mashin, ita ce ta kwana a hanya a doguwar mota ba ta ce wash ba. 'Yata Rabi, wadda ka bari tana tatata, ita ta yi aure a Agege har ta haihu. Da nake haɗa kaya sai ga Inna da ƙullin nata a bakin ƙofa, wai za ta ga tattaɓa-kunne. Na bar ta a haka, amma na san ba jinjiri ne ya tashe ta ba.

Ana gama suna ta kira Sabo, mijin Rabi, ta ce masa, "A kai ni in ga motar nan." Sabo ya tsaya yana zare ido, Legas kuwa me ya fi mota yawa. Ni ce na gane. Kiranka na ƙarshe, wanda ka yi ta wayar maƙwabta, ka ce mini ka je gidan tarihi ka ga motar takwaranka, ka je har bakin titin da aka harbe shi. A ranar Inna tana tsintar shinkafa ta ba mu baya kamar ba ta ji. Ashe kowace kalma ta tsince ta ajiye.

Ka san labarin sunanka, Baba ya ba da shi har muka haddace. Yana bakin kogi yana gyaran komar kamun kifi, rediyo rataye a reshen giyayya, aka ce an kashe shugaban ƙasa a hanyarsa ta zuwa ofis da safiyar Juma'a. Kai lokacin ko cibiyarka ba ta faɗi ba. Sunan kakanmu ya yi niyyar sa maka, amma ranar suna ya raɗa wa liman na Janar ɗin. Ya ce mutum irin wannan ba a barin sunansa ya kwanta. Allah ya jiƙan Baba. Ya rasu damina uku bayan tafiyarka, ban sani ba ko labari ya iske ka.

Sunan da duk gari ke alfahari da shi, a bakin Inna kaɗai ya haramta, don kai ne ɗan fari. "Yaron nan," ko "wancan," iyakarta ke nan. Ko Janar ɗin ba ta faɗa. Asibitin Kano mai wannan suna ma sai ta ce babban asibiti. Ana yaye ka aka miƙa ka Auyo wurin Kaka, ka dawo da wayonka kana kallon yadda take goya ni tana yi mini wasa, kai kuwa ko kwanon tuwo ni take ba in kai maka. Mu muna dariya muna cewa kunya ce. Kai ba ka taɓa dariyar ba.

Na tuna safiyar da ka tafi. Ambaliya ta cinye shinkafarka, ciyawar kacalla ta toshe bakin ruwan da kake su, matarka ta koma gidansu. Ka tsuguna a ƙofar madafi ka ce za ka kudu. Inna tana hura wuta, ba ta ɗago ba, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ka daɗe a tsugune kana jiran ƙari, ƙarin bai zo ba. A tasha ka ce mini, "Ke ce 'yarta, ni baƙo ne a gidan nan." Na yi ta surutu ina ƙaryata ka, amma me zan nuna maka a lokacin? An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. To Yaya, yau na zo maka da na ƙasa.

Gidan tarihin ba shi da hayaniya. Aka bi da mu ɗaki ɗaki, ga gumaka ga kayan sarakunan da, Inna ko kallo ba su ishe ta ba. Sai da muka iso inda motar take ta ja birki. Baƙa ce doguwa, an goge ta tana sheƙi, ga ramukan harsashi nan a jikinta har yau. Gani ya kori ji. Ni da nake ɗaukar abin tatsuniyar Baba, sai na tuna mutum ne da iyali ya fito daga gidansa da safe bai koma ba.

Mai yi mana bayani ya riƙa zuba Turanci, Sabo yana fassarawa. Ko ba fassara akwai kalma ɗaya da Inna ke ganewa, kuma bawan Allahn nan ba ya jimla biyu bai ambace ta ba. Duk ya faɗa sai ta ja mayafi ta ƙara rufe baki, kamar surukinta ne ya shigo. Na so in yi dariya, da na dubi fuskarta dariyar ta koma ciki.

Da ya gama ta ce Sabo ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wani dogo mai tabo a haɓa ya zo kallon motar. Mutumin ya yi murmushi ya ce jama'a da yawa suke zuwa, ina zai riƙe fuska. Ta ce to a ina masu kallo suka fi tsayawa. Ya nuna mata gefen da ramukan suka fi yawa. Ta taka a hankali ta tsaya a wurin, tana duban ƙasa ba motar ba, kamar sawunka zai fito a kan siminti. Ta yi wa mai motar addu'a muka shafa. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Wannan dai nasa sun san inda yake kwance."

Wallahi Yaya, a nan na fara kuka, kuma haushinka ya kama ni. Da kana kusa da ka sha baƙar magana, girma ko ba girma.

Daga nan Sabo ya kai mu Ikoyi, wajen da abin ya faru. Na zaci zan ga wuri mai ban tsoro. Titi ne kawai, motoci sun cunkushe suna ta hon, kamar yadda aka ce sun cunkushe a waccan safiya. Akwai abin tunawa da aka gina a gefe, Sabo yana ta nuna mana yana kawo tarihi, shi a dole ya zama ɗan gari. Inna ba gini take kallo ba. Fuskoki take bi ɗaya bayan ɗaya, masu tura baro, masu gadin gidaje, masu sayar da rake, duk wanda ta ga alamar ɗan Arewa ne sai ta bi shi da ido har ya ɓace.

Rana ta take, ƙafarta ta kumbura, na ce Inna mu tafi. Sai na ga ta sauke mayafin daga bakinta, ta gyara tsayuwa, ta kira sunanka. Sunanka na yanka, ba Janar ba, ba yaron nan ba. Na farko muryar ta shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa mutum daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ban ma san ta iya faɗinsa ba.

Ka san yadda aka yi ta sa sunan a shekarar da aka haife ka. Wani mai gyaran takalma da ke zaune a inuwa ya ɗago ya ce, "Na'am, Inna." Sa'anka ne, har furfura ta fara fito masa. Ya taso ya tsuguna a gabanta ya gaishe ta. Na ga yadda ta dubi haɓarsa kafin ta dubi idonsa. Ba tabo. Ya ce shi mutumin wajen Birniwa ne. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da gida, ya yi ta sosa ƙeya. Ta ce mahaifiyarsa tana da rai, ya ce tana nan. Sai ta ce masa, "Ka je ka gan ta. Ko ba ta faɗa ba, ƙofa take kallo." Bawan Allah ya sunkuyar da kai, muka baro shi a tsugune.

A cikin mota ba wanda ya yi magana, har ni. Ka san ba ƙaramin abu ke rufe bakin Rediyo ba.

Da muka iso Kano a hanyar dawowa, direban da zai kawo mu Haɗeja ya ji muna zancen, ya ce ai kabarin Janar ɗin yana nan cikin gari, in muna so ya bi da mu ko daga waje mu yi addu'a, ziyarar ta cika. Na juya na tambayi Inna. Ta girgiza kai ta ce, "Allah ya jiƙansa daga nan. Ni ba kabari na fito nema ba." Muka kama hanya.

Yaya, mutane sun sha ba mu shawara. Wasu sun ce mu yi maka sadaka mu haƙura. Wani ya ce ya gan ka a kasuwar kayan gwari, wani ya ce ka tsallaka Kwatano. Ni kaina akwai ranakun da nake cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma naka gidan bai bar ka ba. Gorar da kake hawa ka yi su tana rataye a ɗakin Inna, ba a rumbu ba, kuma duk rani sai ta sauke ta ta shafe ta da mai don kada ta tsage. In an tambaya ta ce ta Baba ce. Ni da kai mun san ta wane ce. Ranar da ka tafi ma tuwo ƙonewa ya yi, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

In kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, ka zo da hannun haka, shi muke so. Gonar tana nan, ruwa ya janye, bana har an samu shinkafa. In fushi ne, ka yi mai isarka, ka kusa hamsin fa. Inna kuwa ta tsufa, Yaya. Idonta ya fara hazo, sallah ma a zaune take yi. Ina jin tsoro, kuma na faɗa maka gaskiya, ina kewarka ƙwarai. Ba ni da wanda zan yi wa tsiwa ya ɗaga hannu kamar zai make ni ya fasa.

Tun da muka dawo ba ta ƙara cewa yaron nan ba. In ta idar da sallah sai ta ambace ka da suna, a fili, ko da baƙi a tsakar gida. Ita ce ma ta ce in rubuta inda mutanen waya za su gani, in sa sunan a sama. Komai na rubuta, amma sunan na ƙi. Shekaru kusan hamsin ta yi tana ajiyarsa, bai kamata ka fara cin karo da shi a rubutuna ba. Ka zo ka ji shi a bakinta tun tana iya kira.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya rufa maka asiri, ya sanyaya zuciyarka. In kana kwance Allah ya tashi kafaɗunka, in hanya ce ta ɓace maka Allah ya nuna maka ta Haɗeja. Allah ya ja kwanan Inna har ta kira ka amsa. Amin.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Zulai