Ramin Gindin Bishiya

Mama,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya ƙafar tasa? Ni lafiya lau nake a nan Italiya, ina ta koya wa baƙi zamiya kan ƙanƙara.

Kin ji rasuwar Octav, ɗan maƙwabciyarmu ta can gida, wanda muke aiki tare a nan. Muna gangarowa cikin daji, kowa kan allon zamiyarsa, ya ƙwala mini kira: "Ilinca kunkuru, daina kallon itatuwa, dubi tsakaninsu!" Sai ya afka da ka cikin ramin da dusar ƙanƙara ta rufe a gindin bishiya. Kafin mu tono shi ya cika.

Ban sake shiga dajin ba, amma sanyi ne kawai ya hana ni.

Don Allah ki taya mahaifiyarsa dafa alkamar sadakar mamaci. In ta tambaya, ki ce yana dariya. Ba ƙarya ba ce.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Ilinca